Darasin Lafiya: Cutar Kandida a Ɗakin Kulawa ta Musamman

A manyan asibitoci akwai wani ɗaki da ake kwantar da waɗanda ciwo ya yi wa tsanani. Sunansa ɗakin kulawa ta musamman. Mutane kan ce da shi ɗakin gobe-da-nisa. A wannan ɗaki, wani lokaci majinyaci kan kamu da wata sabuwar cuta dabam da wadda ta kawo shi. Ɗaya daga cikin irin waɗannan cututtuka ita ce kandida. Darasinmu na wannan wata a kanta yake. Ya kamata duk wanda zai yi jinyar ɗan'uwansa ya san ta.

Mece ce kandida?

Kowa ya san funfuna da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Mun kuma san yis da ake sa wa burodi da fanke su tashi. Kandida danginsu ce. Haka ma ƙwayoyin da ke kawo makero da ƙyasbi. Ƙwaya ce ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta.

Kandida tana zaune a jikin mutane da yawa masu lafiya. Tana cikin baki, da hanji, da fata, da gaban mace. Ba ta yin ɓarna, domin garkuwar jiki da wasu ƙwayoyi masu amfani sun tsare ta. Kamar akuya ce. In tana turke, babu damuwa. In ta kwance ta shiga gona, sai ta yi ta'adi.

Idan ta ɗan yi yawa, takan kawo farin abu kamar kindirmo a bakin jariri, ko ƙaiƙayin gaba ga mata. Wannan yana da sauƙin magani. Mai hatsarin ita ce wadda ta shiga jini. Daga jini tana iya kaiwa ga ido, da zuciya, da ƙoda, da ƙashi. A cikin mutum 10 da ta shiga jininsu, kimanin 3 ko 4 sukan rasu.

Yaya take shiga jini?

Na farko, ta robar da ake sa wa majinyaci a babbar jijiya ta wuya ko ta ƙirji don ƙarin ruwa da magani. Kandida tana maƙalewa a jikin robar, ta bi ta zuwa jini.

Na biyu, ta hanji, musamman bayan tiyatar ciki ko in hanji ya huje.

Na uku, yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ake kira antibayotik. Kafso da ake saye a kemis yawanci irinsa ne. Wannan magani ba ya kashe kandida. Yana kashe ƙwayoyin da suka tsare ta ne, sai ta sami fili ta yaɗu.

Waɗanda suka fi shiga hatsari su ne masu ciwon suga, da masu wankin ƙoda, da masu cutar daji, da jarirai bakwaini, da waɗanda suka daɗe a kwance.

Yaya likita ke gane ta?

Kandida ba ta da wata alama tata ita kaɗai. Abin da aka fi gani shi ne zazzaɓi da rawar ɗari da suka ƙi sauka, ko da ana ba da antibayotik. Sai likita ya ɗebi jini ya aika ɗakin gwaji. A can za a ajiye jinin a kwalba ta musamman a ga abin da zai tsiro. Sakamako yakan ɗauki kwana 2 zuwa 5. Idan majinyaci ya galabaita ƙwarai, likita yana iya fara magani kafin sakamako ya fito, domin jinkiri yana ƙara hatsari.

Idan an ga kandida a jini, dole a yi magani. Amma in a majina ko a fitsari kawai aka gan ta, ba kullum ake bukatar magani ba. Sau da yawa cire robar fitsari ko canza ta ya isa.

Magungunanta

Manomi ya san maganin ƙwari ba ya kashe ciyawa. To, haka abin yake a nan. Kandida tana da nata magunguna, kashi 3.

Kashi na farko su ne kasfofanjin, da mikafanjin, da anidulafanjin. An fara aiki da kasfofanjin a shekarar 2001. Ta jijiya ake ba da su, sau 1 a rana. Da su likitoci suka fi son a fara wa mai tsananin ciwo, domin suna da ƙarfi kuma ba su cika wahalar da ƙoda ba. Amma suna da tsada, kuma ba kowane asibiti ke da su ba.

Na biyu shi ne fulukonazol, wanda ya fito kasuwa wajen shekarar 1990. Akwai na jijiya, akwai na sha. Ya fi araha. Idan majinyaci ya ji sauƙi bayan kwana 5 zuwa 7, kuma gwaji ya nuna maganin zai ci ƙwayar, sai a koma kansa. Wasu irin kandida ba sa jin sa.

Na uku shi ne amfoterisin B. Tsohon magani ne, tun shekarun 1950. Yana da ƙarfi, amma yakan sa rawar ɗari lokacin da ake ƙara shi, kuma yana iya taɓa ƙoda. Saboda haka a hankali ake ɗura shi, ana kuma auna jini a kai a kai.

Ban da magani, likita yakan cire robar jijiya ko ya canza mata wuri. In akwai mugunya a ciki, sai a zuƙe ta. Akan kuma duba idon majinyaci, don a tabbata ƙwayar ba ta kai can ba.

Kwana nawa ake yi?

Ana maimaita gwajin jini kullum ko bayan kwana bibbiyu, har ranar da ba a ga ƙwayar ba. Daga wannan rana ake fara ƙirga kwana 14. Ba daga ranar da aka fara magani ba. In ta taɓa ido, ko zuciya, ko ƙashi, maganin kan kai makonni da yawa, har watanni. Saukar zazzaɓi ba ita ce warkewa ba. In aka tsaya a rabi, cutar tana iya dawowa.

Wata mai taurin kai

A shekarar 2009 aka gano wata irin kandida a kunnen wata majinyaciya a ƙasar Japan. Aka sa mata suna Kandida auris. Yawancinta ba ta jin fulukonazol. Tana daɗewa a kan gado da kayan asibiti, tana kuma bin hannu daga wannan majinyaci zuwa wancan. An same ta a ƙasashe da yawa, har da Afirka ta Kudu, da Kenya, da Nijeriya. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyi 19 dangin funfuna masu hatsari. Ta sa wannan a sahun gaba.

Aikin mai jinya

1. Wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa majinyaci, da bayan ka taɓa shi.
2. Kada ka taɓa robar jijiya ko ta fitsari. In ka ga wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko ya jiƙe, faɗa wa nas.
3. Gaya wa likita duk maganin da majinyaci ya sha a gida, na kemis da na gargajiya. In mace ce mai ciki, a faɗa.
4. Kada ka ba shi jiƙo ko wani magani a ɓoye.
5. Kada a ɗauke shi a koma gida kafin magani ya cika. In kuɗi sun gaza, a yi shawara da likita tukuna.
6. A rage 'yan dubiya.

A gida kuma, mu daina shan kafso ba tare da umarnin ma'aikacin lafiya ba. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A ina kandida take zama a jikin mai lafiya?
2. Me ya sa antibayotik ba ya maganinta?
3. Daga wace rana ake fara ƙirga kwana 14?
4. Rubuta abu 3 da mai jinya zai kiyaye.

A karanta wannan darasi a aji. A kuma karanta wa mutanen gida.