Renon Yara a Ingila: Abin da Sabon Zuwa Ya Kamata Ya Sani

Aikina kula da walwalar yara ne a ƙarƙashin wata ƙaramar hukuma da ke arewacin Ingila. Mu ne mutanenmu ke kira 'yan soshal, kuma na san yadda gaban uwa ke faɗuwa idan ta ji an ambace mu. A 'yan shekarun nan iyalai da dama sun iso daga Najeriya, wasu da bizar karatu, wasu da bizar aikin jinya ko kula da tsofaffi, cikinsu har da Hausawa daga Kano, Kaduna, Zariya da Jos. Kafin su taso an ba su shawara kan rigar sanyi, da kuɗin haya, da inda ake samun naman halal. Abin da ba kasafai ake zaunar da su a faɗa musu ba shi ne yadda za su yi da 'ya'yansu. A nan ne kuwa na fi ganin mutanen kirki, masu son 'ya'yansu kamar ransu, suna faɗawa cikin matsalar da bayanin awa ɗaya zai iya hana ta.

Tushen abin guda ne. A gida, ba uwa da uba kaɗai ke renon yaro ba. Akwai kaka, akwai goggo, akwai matar wa, akwai maƙwabciyar da za a ɗaga murya ta katanga a ce mata, "Maman Aisha, ga yara nan, zan leƙa kasuwa." Ranar da jirgi ya tashi, duk waɗannan sun rage a can. A Ingila gurbin da dangi suka bari hukuma ce ta cike shi, kuma da doka ta cike shi. Malamin makaranta, likita, ungozoma da ɗan sanda, duk aikinsu ya ɗora musu su kai rahoto idan suka ga abin da ya sa su shakka game da lafiyar yaro. Ba gulma ba ce a wurinsu, kuma ba ƙiyayya ba ce. Wanda ya gani ya yi shiru, shi za a tuhuma.

Matsalar da ta fi kawo mu gidajen sababbin zuwa ita ce barin yara su kaɗai. Ga yadda irin gidan yakan kasance. Takardun jadawalin aiki biyu manne a jikin firji. Uwa na aikin dare a gidan kula da tsofaffi, tana tashi ƙarfe takwas na safe, bas zai kawo ta gida tara saura. Uba kuma dole ya fita shida da rabi kafin ya makara a nasa aikin. Tsakanin nan akwai awa biyu da ɗoriya, kuma yarinya 'yar shekara tara ce riƙe da ƙanenta mai shekara biyu. An ja mata kunne kada ta buɗe wa kowa ƙofa, kada ta taɓa abin girki. A Kano wannan yarinya ta isa goyo, domin ko ƙanen ya ƙware da abinci akwai babba a tsakar gida. A nan babu kowa. Bangon gidajen ba shi da kauri, kukan yaron zai shiga kunnen maƙwabcin da bai san sunanku ba, shi kuma lambar 'yan sanda ya sani.

Dokar Ingila ba ta yanke shekarun da yaro zai kai kafin a bar shi shi kaɗai ba. Abin da ta ce shi ne laifi ne a bar shi idan hakan zai jefa shi cikin haɗari. Ƙungiyar kare yara ta NSPCC tana ba da shawarar cewa jariri da ƙaramin yaro ba a barinsu ko na ɗan lokaci, wanda bai kai shekara 12 ba da wuya ya iya zama shi kaɗai na dogon lokaci, wanda bai kai 16 ba kuma kada a bar shi ya kwana shi kaɗai. Da irin wannan ma'auni muke duba lamarin.

Mafita tana nan, sai dai a neme ta tun kafin a shiga matsi. Kowane yaro mai shekara 3 ko 4 a Ingila yana da awa 15 na makarantar reno kyauta a mako, tsawon mako 38 a shekara, ko da wace irin biza iyayensa suka zo. Makarantun firamare da yawa suna buɗe ƙofa da sassafe su karɓi yara su ba su karin kumallo, wasu kuma suna riƙe su bayan an tashi. Ku je wurin shugaban aikinku ku ce kuna da ƙananan yara, a daidaita muku lokutan aiki. Iyalai uku ko huɗu kuma suna iya shirya reno tsakaninsu kamar yadda ake adashe, yau a gidan wannan, gobe a gidan wancan.

Matsala ta biyu ita ce dukan yara. Yawanci a makaranta abin ke fitowa. Yara na canza kaya domin wasan motsa jiki, malama ta hango layi biyu a bayan yaro, ta tambaye shi a hankali, shi kuma ya ce Baba ne ya zane shi da wayar caja saboda ya fasa talabijin. Kafin la'asar an kira mu, an kira 'yan sanda, wataƙila likita ya duba shi da 'yan uwansa duka. Sashe na 47 na Dokar Yara ta 1989 ya wajabta mana bincike idan akwai dalilin zargin ana cutar da yaro sosai, kuma ba mu da ikon kawar da kai.

Ku san yadda dokar take. A Sikotilan an haramta dukan yaro kowane iri tun 2020, a Wales tun 2022. A Ingila har yanzu akwai ɗan uzuri na horo mai sauƙi, amma Sashe na 58 na Dokar Yara ta 2004 ya taƙaita shi: da zarar dukan ya yi rauni, babu uzuri. Bulala, bel, waya, muciya ko takalmi, duk abin da aka ɗauka aka daki yaro da shi ana kallonsa da muhimmanci ƙwarai. Shawarata ita ce a ajiye duka gaba ɗaya. A kula da baki ma. Uwa cikin fushi za ta ce "wallahi yau sai na karya ka" ba tare da niyyar komai ba, yaron kuma ya maimaita wa malama da Turanci, ita kuma ta rubuta yadda ta ji.

Ba ina cewa a saki tarbiyya ba ne. Babu dokar da ta hana ka koya wa ɗanka gaisuwa, da salla a kan lokaci, da girmama na gaba da shi, da taya uwarsa aiki. Babu wadda ta hana ka karɓe masa waya na mako guda, ko ka hana shi fita wasan ƙwallo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma a ƙasar nan da zama da magana da tsayawa kan abin da aka faɗa ake yin tanƙwarar. Yaron da ya san idan Baba ya ce babu waya to babu ita, ya fi jin magana a kan wanda ake duka yau a manta gobe.

Matsala ta uku ita ce riƙo, wanda a wurinmu zumunci ne da alheri. A Ingila idan yaro ɗan ƙasa da shekara 16 zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba ɗan uwansa na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma. 'Yan uwa na kusa a idon doka su ne kaka, wa ko ya, kawu, baffa, goggo, inna, da mijin uwa ko matar uba. Ɗiyar aminiyarki ko ɗan ɗan baffanka ba su shiga ciki ba, komai kusancinku. Tsananin da ake yi a kan wannan yana da tarihi. A watan Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara takwas daga Kwaddebuwa, Victoria Climbié, ta rasu a Landan sakamakon azabar da ta sha a hannun goggon mahaifinta da saurayin matar, bayan iyayenta sun ba da ita domin ta yi karatu a Turai. Binciken da Lord Laming ya jagoranta ya fitar da rahoto a 2003, kuma daga shi aka samu Dokar Yara ta 2004. Sanarwar ba ta nufin za a ƙwace yaron. Za a riƙa zuwa ne ana ganin yadda yake.

Sai jego, kuma nan ne zuciyata ta fi karaya. A gida mai jego tana da kwana arba'in na gata: wankan jego, kunun kanwa, gasasshen nama, uwa ko goggo na karɓar jariri ta samu barci. A nan sau da yawa ana sallamar mace kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwa, miji ya koma aiki, ta rage ita da jariri a ɗaki. Idan a Disamba ne, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Hukumar lafiya ta NHS ta ce fiye da mace ɗaya cikin goma na kamuwa da ciwon damuwa cikin shekarar farko bayan haihuwa. 'Yar uwa, idan kina yawan kuka ba dalili, ko barci ya ƙaurace miki, ko kin ji ba kya marmarin ɗaukar jaririn, ki faɗa wa nas ɗin da ke zuwa gida bayan haihuwa ko likitanki. Ciwo ne mai magani, ba raunin imani ba ne, kuma neman taimako alama ce ta uwa mai kula. Maigida, wannan aikin goggon da babu ita yanzu ya dawo kanka.

Akwai wasu al'adun da ya kamata a ambata. Jarirai baƙaƙen fata da yawa ana haifarsu da tabo mai duhu a ƙugu ko ɗuwawu, wanda bai saba ganinsa ba zai ɗauka shaidar duka ce. Ku ce wa ungozoma ta rubuta shi a jan littafin lafiyar yaro tun ranar farko. Aikin wanzami irin su cire belu, tsaga da ƙaho kada a yi wa yaro. Kaciyar mata babban laifi ne ƙarƙashin wata doka ta 2003, hukuncinta ya kai ɗaurin shekara 14, ko da fita da yarinyar aka yi aka yi mata a wata ƙasa. Makaranta kuma ba a wasa da ita: wanda ya kwashi yara zuwa biki a gida ana tsakiyar karatu zai iya biyan tarar fam 80 kan kowane yaro, uwa daban uba daban, ta koma 160 idan an wuce kwana 21. Ranar Salla kuwa ana ba da izini, a dai sanar da makaranta.

Wani lokaci laifin fahimta daga ɓangarenmu yake. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi yake yi, amma abokiyar aikina da ba ta san Hausawa ba za ta iya rubuta cewa tsoro yake ji. Uwar da ke alkunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta rungumarsa gaban baƙi, za a iya ɗauka ba ta damu da shi ba. Nakan yi wa abokan aiki bayanin wannan, amma ba kowane gida nake zuwa ba. Ku buɗe baki ku bayyana al'adarku da kanku.

To idan mun ƙwanƙwasa ƙofa fa? Ku sani ma'aikacin soshal ba shi da ikon ɗauke yaro bisa ra'ayin kansa. Sai da yardar iyaye ko umarnin kotu. 'Yan sanda ne kaɗai ke iya ɗauke shi cikin gaggawa, su ma ba fiye da awa 72 ba. Yawancin ziyararmu a bincike da shawara take ƙarewa, yara suna gidansu. Kuna da damar neman tafinta na Hausa, kada ku yarda a sa yaronku ya fassara. Kada ku sa hannu kan takardar da ba ku fahimta ba. Idan hukuma ta kai maganar karɓar yaro kotu, iyaye suna samun lauya kyauta komai samunsu. Iyalin da bizarsu ta hana su tallafin gwamnati ma, idan yara suka shiga halin yunwa ko rashin matsuguni, Sashe na 17 na dokar 1989 ya ba ƙaramar hukuma damar taimaka musu.

Abin da ke mayar da ƙaramar magana babba shi ne ɓoye-ɓoye. A ƙi buɗe ƙofa, a koya wa yaro ƙaryar da zai faɗa, a ce faɗuwa ya yi alhali likita ya ga shatin waya, ko a yi saurin saya masa tikitin komawa gida ana tsakiyar bincike. Duk wannan yana sa a ɗauka akwai abin da ya fi wanda aka gani muni. Uban da ya ce, "Ni na dake shi, haka aka rene ni, ban san dokar nan ba, ku nuna mini yadda zan yi," ya buɗe ƙofar da za a yi aiki tare da shi.

Roƙona ga waɗanda suka daɗe a ƙasar nan, da limamai, da shugabannin ƙungiyoyinmu na Manchester, Birmingham, Leeds da Landan: idan sabon iyali ya iso, kada a tsaya ga kai musu tuwo da nuna musu kasuwa. A zaunar da su a makon farko a faɗa musu waɗannan abubuwa, a ba su lambar wanda za su kira ƙarfe shida na safe idan reno ya kwaɓe. Ku kuma da kuke gida kuna shirin tasowa, kafin ku sayi tikiti ku zauna ku biyu ku amsa tambaya ɗaya, awa bayan awa, daga Litinin zuwa Lahadi: wa zai kasance tare da yaran nan? Idan akwai awar da ba ta da amsa, ku nemo mata amsa tun kuna can. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare mana su a duk ƙasar da muka samu kanmu.