Kwaltar Haraba: Shafe Ko Sabuwar Shimfiɗa?

Wannan bayani na masu gida ne, da shugabannin makarantu, da 'yan kwamitin masallaci, duk wanda aka damƙa wa harabar da aka malala wa kwalta. In ta fara tsufa, kada a yi gaggawar kiran ɗan kwangila. A fara dubawa tukuna.

Kwalta dai tsakuwa ce da yashi aka cuɗa da wani baƙin danƙo da ake samu daga ɗanyen mai. Danƙon nan bai wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 na nauyinta ba, kuma shi rana take ci. Zafin Maris da Afrilu yana gasa shi shekara da shekaru, har baƙin ya koma toka-toka, tsakuwa ta riƙa bin tsintsiya, siraran tsagu su fito. In ciwon ya tsaya nan, shafe ya wadatar: a share, a cike tsagun, a shafa ruwan kwalta a sama. Amma a sani, shafe kamar man kaɗanya ne a kan kaushi. Yana hana tsagewa, ba ya ɗora karaya.

Ƙarfin kwalta a ƙarƙashinta yake, wajen marmarar da aka daɓe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, haka ruwa yake yi mata. Saboda haka a fita cikin watan Agusta, bayan an ɗauke ruwa, a tsaya a kalla. Ina ruwa ya kwanta? In mota mai kaya ta taka, wurin yana lotsawa? Jan taɓo yana ɓulɓulowa ta tsagun? In an ga haka, ko an ga wuri ya farfashe ƙanana-ƙanana kamar bayan kada, to marmarar ta jiƙa ta ruɓe. Wanda ya shafa baƙi a kan wannan, ya yi wa gara fenti ne. Ko sabuwar shimfiɗar ma ba ta tsira, don tsohuwar tsaga takan biyo ta ta ɓullo sama. Dole a yanke wurin, a kwashe ruɓaɓɓiyar ƙasa, a zuba sabuwa a daɓe, kana a shimfiɗa kwalta mai zafi, kaurin santimita 4 ko 5, rola ta bi ta kai tun ba ta huce ba.

Ga wani abin da ake mantawa. Sabuwar shimfiɗa tana ƙara wa haraba tudu. Na taɓa ganin gidan da aka kashe kuɗi aka yi aiki sumul, ranar da aka gama, ƙyauren get ya ƙi buɗuwa, da damina ta zo kuma ruwa ya nufi zaure. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. A auna gangaren tun farko, a yashe lambatu.

Aikin kansa a bari sai ruwa ya janye, wajen Nuwamba, ƙasa ta bushe. Wurin da janareta ko tsohuwar mota ke ɗigar da man gas kuwa, a kankare shi kafin a shafa komai, domin man yana narkar da danƙon, shafen ba zai kama ba.