Baƙo a Aji: Yadda Ake Karɓar Ɗaliban Musaya a Sakandaren Gwamnati a Amurka

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin fassara ya raba mana wata takarda mai shafi biyu, ya ce kowa ya mayar da ita Hausa kafin mako ya zagayo. Takardar kuwa ƙa'idoji ne da wata gundumar ilimi a Amurka ta tsara game da karɓar ɗalibai 'yan ƙasashen waje da ke zuwa musaya a makarantunta na sakandare. Na ɗauka aikin dare ɗaya ne, ashe ban san dawan garin ba. Kalmomin ba su gagare ni ba, tunda ga ƙamus a gefena. Abin da ya gagare ni shi ne dalilin da ke bayan kowace ƙa'ida. Me ya sa aka ƙayyade yawan baƙin da makaranta za ta karɓa? Me ya sa wani baƙo zai biya kuɗi, wani kuma ba zai biya ba, alhali aji ɗaya za su zauna? Me ya sa ake iya hana yaro takardar kammalawa bayan ya yi shekara guda yana karatu?

Nan na gane cewa mai fassarar da bai fahimci tsari ba, kalma kawai zai juya ya bar ma'ana a baya. Wannan ne ya sa na shiga bincike. A wannan maƙala zan kawo abin da na samo, sannan in nuna darasin da nake ganin yana cikinsa gare mu, mu da muke koyon Hausa nesa da ƙasar Hausa.

2.0 Wane ne ɗalibin musaya?

A Hausa idan aka ce musaya, abin da ke zuwa a rai shi ne ba ni gishiri in ba ka manda. Saboda haka mai karatu zai iya zaton duk lokacin da yaro ɗaya ya tafi Amurka, sai an aiko da wani a madadinsa. Ba haka abin yake ba a mafi yawan lokuta. Abin da ake musayarsa shi ne harshe da al'ada da fahimtar juna. Ɗalibin musaya matashi ne ɗan sakandare da ke barin ƙasarsa ya zauna a gidan wasu mutane, ya riƙa zuwa makarantar garinsu na zango ɗaya ko shekara ɗaya, sannan ya koma gida.

Wannan tsari ya bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙungiyar AFS, wadda asalinta direbobin motocin ɗaukar majinyata ne a fagen yaƙi, ta fara kai 'yan sakandare Amurka a 1947. A 1951 aka kai wasu matasan Jamus 75 jihar Mishigan, abin da ya zama tushen ƙungiyar YFU. Daga baya, a 1961, majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar musayar ilimi da al'adu, wadda aka fi sani da dokar Fulbright-Hays, kuma a kanta ne shirin musayar baƙi na yau ya ginu.

3.0 Makarantar ta wace ce?

Kafin a fahimci ƙa'idojin, sai an san mai makarantar. A Amurka gwamnatin tarayya ba ita ke gudanar da makarantun sakandare na gari ba. Kusan kowace jiha ta rarraba ƙasarta zuwa gundumomin ilimi, waɗanda yawansu ya kai kusan 13,000 a faɗin ƙasar, kuma kowace gunduma tana da hukumarta. Mafi yawan kuɗin da ake kashewa yana fitowa ne daga asusun jiha da kuma harajin gidaje da filaye da mazauna yankin ke biya. Kason tarayya ƙarami ne, wajen kashi ɗaya cikin goma.

Ke nan kujerar da yaro ke zaune a kai, mutanen gari ne suka biya kuɗinta don 'ya'yansu. Yaron da ke zaune a gundumar yana da haƙƙin shiga kyauta. Hasali ma a 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa jiha ba za ta hana yaro makarantar gwamnati ba don kawai ba shi da takardun zama a ƙasar. Amma ɗalibin musaya matsayinsa daban ne. Shi ba mazauni ba ne, gayyato shi ake yi, kuma dokar tarayya ba ta tilasta wa wata makaranta ta karɓe shi ba. Wannan shi ne mabuɗin takardar da aka ba mu. Duk wanda ya fassara ta da harshen haƙƙi ya kauce, domin da harshen karɓar baƙo aka rubuta ta.

4.0 Ƙofofi biyu

Akwai biza iri biyu da ɗan wata ƙasa ke shiga sakandaren gwamnati da su.

Ta farko ita ce J-1, wadda Ma'aikatar Harkokin Waje ke kula da shirinta. A nan ba makaranta ce ke gayyato yaro ba. Wata ƙungiya ce da ma'aikatar ta amince da ita take ɗaukar nauyinsa, ta ba shi takardar DS-2019, ta nemo masa gida da makaranta. Galibi makarantun gwamnati sukan yafe wa irin wannan ɗalibi kuɗin karatu, domin suna ganin zamansa a aji riba ce ga 'ya'yansu.

Ta biyu ita ce F-1, wato bizar karatu zalla. A nan makarantar ce da kanta, idan tana da izini, take ba da takardar I-20. Tun daga 1996 doka ta gindaya sharuɗɗa biyu: mai wannan biza ba zai wuce wata 12 a sakandaren gwamnati ba, kuma dole ya biya cikakken abin da gunduma ke kashewa a kan kowane ɗalibi, ba tare da rangwame ba. Firamaren gwamnati kuwa an rufe masa ita gaba ɗaya.

Wannan ya amsa tambayata ta biyu. Mai J-1 baƙo ne da aka saukar, mai F-1 kuma ya sayi gurbi ne. Tun daga 2003 ana shigar da bayanan duka biyun a wata rumbun kwamfuta ta gwamnati mai suna SEVIS.

5.0 Matakan karɓar mai J-1

5.1 Shi kansa ɗalibin

Ƙa'idar ma'aikatar ta yi maganar matashin da ke tsakanin shekara 15 da 18 da rabi, ko wanda bai wuce shekara 11 yana karatun firamare da sakandare ba. Wanda ya taɓa yin irin wannan shiri a Amurka ba ya sakewa. Ana kuma duba halinsa da ƙoƙarinsa da Turancinsa. Gundumomi da yawa sukan nemi sakamakon jarrabawar Turanci, domin ba su yi tanadin koya wa baƙon harshen daga tushe ba.

5.2 Sa hannun shugaban makaranta

Wannan ne matakin da ya fi kowane nauyi. Dole ƙungiyar ta sami amincewa a rubuce daga shugaban makaranta ko wani jami'i mai izini, kuma a cikin takardar a fayyace batun kuɗi, ko za a biya ko an yafe. An hana ƙungiya shigo da yaro ƙasar matuƙar wannan takarda ba ta samu ba. Haka nan dole ta miƙa wa makarantar taƙaitaccen bayanin darussan da yaron ya yi a gida, a cikin Turanci. Mu lura, ga aikin mai fassara nan tun yaro bai taka jirgi ba. Idan aka fassara sakamakonsa ba daidai ba, za a iya ajiye shi a ajin da ba nasa ba.

5.3 Adadi

Ƙungiya ɗaya ba za ta kai ɗalibai fiye da biyar makaranta ɗaya ba, sai idan makarantar ce ta nema a rubuce. Bayan wannan, kowace gunduma tana iya sa nata ƙaidin gwargwadon gurabe da malaman da take da su.

5.4 Masu masauki

Ba a biyan masu masauki ko sisi. Abin da kawai dokar haraji ta ba su shi ne damar cire abin da bai wuce dala 50 a wata ba daga kuɗin da za a yi musu haraji a kai. Duk baligin da ke gidan sai an binciki ko ya taɓa aikata laifi. Za su ba yaro gadonsa shi kaɗai da abinci sau uku a rana. Akwai kuma wakilin ƙungiya da ke zaune a tazarar da ba ta wuce mil 120 ba, wanda zai riƙa tuntuɓar yaron da masu gidan kowane wata. An hana sauke yaro a gidan danginsa. Ba a ajiye fiye da ɗalibai biyu a gida ɗaya, kuma biyun ba za su kasance 'yan ƙasa ɗaya ko masu harshen uwa ɗaya ba. Mu riƙe wannan ƙa'ida ta ƙarshe, zan dawo kanta.

5.5 Abin da ba a yi alkawarinsa ba

Ba a zaɓen yaro don ya iya wasa, kuma ba a yi masa alkawarin shiga ƙungiyar wasan makaranta ba, tunda kowace jiha da nata dokokin. Ba a yarda ya kama aiki ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba, kamar renon yaran maƙwabta ko gyaran farfajiya. Takardar kammalawa ma ba tabbas ba ce. Kowace jiha tana da darussan da sai an tara su cikin shekara huɗu, daga aji na 9 zuwa na 12, don haka gundumomi da dama shaidar halarta kawai suke ba baƙo.

6.0 Ina ruwan Nijeriya?

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, majalisar Amurka ta kafa shirin YES a 2002, wanda ke ɗauke da sunayen sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. An tsara shi ne don matasan ƙasashen da ke da Musulmi masu yawa, kuma rukunin farko ya isa Amurka a 2003. Ta wannan hanya yara daga Nijeriya, ciki har da 'yan Arewa masu jin Hausa, suka yi shekara guda a sakandaren Amurka da bizar J-1, ba tare da iyayensu sun biya ba. 'Yan Gana da Kamaru ma sun shiga shirin.

Sai dai ƙofar baƙo a hannun mai gida take. A watan Disamba na 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da dakatar da ba 'yan Nijeriya wasu nau'o'in biza daga farkon 2026, har da F da J. Saboda haka duk mai ƙani ko ƙanwa da ke da wannan buri, ya fara da tambayar ofishin jakadanci halin da ake ciki, kada ya miƙa kuɗi ga wanda ya yi masa alkawarin gurbi da baki. Ya kuma yi lissafin jarrabawar WAEC, domin shaidar halarta ba za ta tsaya a madadinta ba.

7.0 Darasi ga mai koyon harshe

Yanzu in koma ga ƙa'idar da na ce mu riƙe. Da na fara karanta ta sai na ji kamar rashin tausayi ne. Yaro ɗan shekara 16 ya bar gida, a hana shi dangi, a hana shi wanda zai yi hira da shi da harshensa! Amma da na jera ta da 'yan'uwanta sai na ga duk alƙibla ɗaya suka dosa. Ba dangi, ba mai harshe ɗaya a gida, ba cincirindo a makaranta. A fahimtata, an toshe wa yaron duk wata mafaka ne don ya buɗe baki. Idan yana jin yunwa, da harshen masu gida zai faɗa. Idan an ɓata masa rai, da shi zai yi ƙorafi. Harshen da aka nemi abinci da shi kuwa ba ya fita daga kai.

Mu duba kanmu. Ɗaliban Faransanci suna da Ƙauyen Faransanci a Badagiri tun 1991, na Larabci kuma an kafa musu nasu a Ngala. Mu masu Hausa ba mu buƙatar biza, ƙasar Hausa tafiyar mota ce. Amma in faɗi gaskiya a kan kaina. Lokacin da muka je Arewa ziyarar ƙaro harshe, ɗaki ɗaya muka kwana, tare muke fita, tare muke dawowa, muna zuba Turanci da harsunanmu na gida. A kasuwa mutum ɗaya muke turawa gaba, wanda ya fi mu iyawa, ya yi ciniki a madadin kowa. Shi ya dawo da ƙarin Hausa, mu muka dawo da hotuna da kilishi. Duk abin da ƙa'idar can ta hana, shi muka yi.

Ba wai tsarin Amurka ba shi da aibi ba ne. Binciken masu gida da ziyarar wata-wata shaida ce cewa ajiye yaro a hannun baƙi abu ne mai haɗari idan babu sa ido. Kaɗaici kuma ciwo ne, ba kowa ke jure shi ba. Amma maganin da suka nema shi ne a ba baƙo mai kula da shi, ba a tara baƙi wuri ɗaya ba. Wannan ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Fatake ma a gidan fatoma suke sauka, shi ke tsaya musu a garin da ba nasu ba. Da ma an ce sai da ɗan gari akan ci gari.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa ɗalibin musaya baƙo ne a makarantar da mutanen gari suka gina da harajinsu, shi ya sa shigarsa ta rataya a kan sa hannun shugaban makaranta. Mun ga bambancin J-1 da F-1, da sharuɗɗan ɗalibi da na masu masauki, da kuma abin da ba a yi masa alkawari ba.

Shawarata ga sashenmu da ƙungiyarmu ta ɗalibai ita ce, idan tafiya ta gaba ta zo, a rarraba mu bibbiyu a gidajen da aka sani aka amince da su, kuma kada a haɗa masu harshen uwa ɗaya. Kafin lokacin, unguwar Hausawa tana nan kusa da mu. Kowa ya je shi kaɗai, ya sayi goro ko tsire, ya ƙi yarda a juya masa magana zuwa Turanci.

Ita kuwa takardar fassara, sau uku na sake ta kafin in miƙa. Duk inda na fara rubuta "dole makaranta ta karɓa", sai da na goge na mayar da shi "makaranta tana iya karɓa".