Yadda Na'urorin Tarho na Ofisoshi Ke Fahimtar Juna

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta zama matattarar ma'aikatu. Babban ofishi kuwa kan ajiye na'urarsa ta raba kira a cikin gida, wadda masana ke kira PBX. Rigima kan taso ne idan aka so haɗa biyu waɗanda ba kamfani ɗaya ya ƙera su ba. Alal misali, a ce hedkwata a Dutse tana da ta Siemens, reshenta na Birnin Kudu kuwa ta Panasonic.

Ɗaukar murya ba shi ne wahala ba. Wahalar tana ga ishara, wato saƙonnin da na'urorin ke aika wa juna ba tare da mai magana ya ji ba: ga lambar da ake nema, tana ƙara, an ɗauka, an ajiye. Haka abin yake a jikin ɗan Adam, domin sinadarin insulin ko ya cika jini, ba ya aiki sai ƙwayar halitta ta gane shi. Idan saƙon “an ajiye” bai isa ba, sai layi ya zauna a kame alhali babu kowa a kansa. A asibiti wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Saboda kowane kamfani yana da harshensa na ishara, sai ƙungiyar ECMA ta Turai ta tsara na tarayya mai suna QSIG, daga baya hukumar ISO ta karɓe shi. Galibi akan ɗora shi bisa layin E1, mai hanyoyi 32: 30 na murya, ta 0 ta daidaita tafiya, ta 16 kuma ta ishara. Layin Amurka, T1, hanyoyi 24 gare shi, don haka a duba katin da aka sayo tun kafin a biya kuɗi.

Wajen saiti, dole ɗaya ta zama jagora, ɗayar mabiyiya. In duka biyun suka ce su ne jagora, ko gaisawa ba za su yi ba. Sa'an nan agogo ɗaya za su bi. In kowacce ta bi nata, sai a riƙa jin ƙas-ƙas cikin magana, takardar faks kuma ta fito a tsinke. Abin da ya fi ruɗa ma'aikata shi ne QSIG ɗin kansa iri-iri ne, akwai na ECMA akwai na ISO. In aka saɓa, kira zai shiga lafiya lau, amma sunan mai kira ba zai bayyana ba, sai a yi ta zargin waya alhali ba ta da laifi.

Yanzu akasarin sababbin na'urori ta intanet suke haɗuwa, da tsarin SIP wanda aka fitar a 1999, aka sabunta a 2002. Duk da haka sai an zauna an daidaita lambobi, domin in Dutse da Birnin Kudu kowanne yana da lamba 201, na'ura ba ta san wanda ake nufi ba.