Amsoshin Tambayoyinku: Wane Gari Ya Fi Sauƙin Karatun Jami'a?

Wasiƙarmu ta yau ta fito daga Malam Aminu, Tudun Wada, Kano. Yana tambaya: wane gari ya fi wa ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi sauƙin karatun jami'a?

To Malam Aminu, mun gode. Kafin ka zaɓi gari, duba abu uku: kuɗin ɗaki, kuɗin abinci, kuɗin mota. Mu maimaita: ɗaki, abinci, mota. Su ne ke cinye aljihun ɗalibi, sau da yawa fiye da kuɗin rajista.

A wurinka, Kano ce ta fi sauƙi. Idan ka samu gurbi a Jami'ar Bayero, za ka kwana a gida, ka ci tuwon gida. Sai dai daga Tudun Wada zuwa sabon matsugunin jami'ar a hanyar Gwarzo akwai nisa, don haka ka lissafa kuɗin A Daidaita Sahu na kowace rana.

Idan kuma fannin da kake so yana Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, nemi ɗakin kwanan ɗalibai da wuri. In bai samu ba, ku haɗa kuɗi da abokai ku kama ɗaki a Samaru, kusa da makaranta, ku riƙa girki da kanku. Haka ma idan jami'ar tana Wudil, Dutse ko Katsina.

Kada ka manta da lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda aka fara a 2024 don ɗaliban makarantun gwamnati.

Malam Aminu, zauna da mahaifanka ku yi wannan lissafi kafin ka cike fom ɗin JAMB. Allah Ya ba da sa'a.