DARASI: Yadda Za Mu Gwada Mai Aikin Lantarki Kafin Mu Danƙa Masa Kayan Ƙungiya



Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ban-ruwa da inji ya yi wa mai noman rani nauyi ƙwarai. Saboda haka da yawa cikinmu a ƙasar Rano da Kibiya muka soma juyawa ga hasken rana, watau faifan sola, da batir, da famfon da ba ya shan mai. Kayan nan suna da tsada, kuma da kuɗin jama'a ake sayensu: adashen ƙungiya, da gudummawar zumuntar mata, wani lokaci har da bashi. Bayan an saya, sai a miƙa su ga wani saurayi domin an ce "ya iya wuta". To, ta yaya muka sani ya iya? Idan ya haɗa waya ba daidai ba, batir ya lalace, tumatir ya bushe a tsakiyar rani, ko ɗakin ajiya ya kama wuta, ko kuwa a rasa rai. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti a wasiƙarsa ta fari, sura 3, a fara gwada masu hidima kafin a ba su aiki. Shawarar ta dace da mai riƙon kayan ƙungiya ma. Gani ya kori ji. Sai mu ajiye kaya a gabansa, mu ga aikin hannunsa.

ABIN DA KWAMITI ZAI FARA SANI

Ku tuna da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama ginawa a 1974. Ruwan yana bin babbar magudana, ya ratsa Ruwan Kanya, ya gangara gonakin Bunkure da Kura. Lantarki yana kama da haka ta hanya uku.

1. Bolt shi ne ƙarfin turi, kamar gangarar da take tura ruwa.
2. Amfiya ita ce yawan wutar da take gudu cikin waya, kamar yawan ruwa a magudana.
3. Om shi ne ƙuncin hanya. Siririyar waya mai tsawo kamar siririn tiyo ce mai tsawo.

Wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya bayyana dangantakarsu a 1827: bolt daidai yake da amfiya sau om. Wat kuwa, watau ƙarfin aikin da ake rubutawa a jikin kaya, shi ne bolt sau amfiya.

Amma akwai bambanci guda. Ruwa yana ƙarewa a gona. Lantarki kuwa tilas ya fita daga kan batir ɗaya, ya bi ta makunni da ƙwan fitila, ya komo ɗaya kan. Wannan shi ake kira zagaye. Idan zagayen ya yanke a ko'ina, ba abin da zai yi aiki.

WANDA ZAI GWADA DA KAYAN GWAJI

A nemi gwani mai takardar shaida, ko malamin makarantar koyon sana'a, ya zama alƙali. Kada ya kasance dangin yaron ko maigidan da ya koya masa. Mutum biyu daga kwamiti su zauna shaida, magatakarda yana rubutawa.

A tanadi batirin mota mai bolt 12, da ƙwan birki na mota guda biyu masu wat 21 (irin masu zare a ciki), da makunni, da fis mai amfiya 5, da waya, da mitar awo, da katako. Da waɗannan kaɗai za a yi gwajin. Kada a yi shi da wutar layi.

GWAJI NA 1: ZANE

A ba shi takarda ya zana zagaye mai batir, da fis, da makunni, da ƙwai ɗaya. Ya bi hanyar wutar da yatsa, yana bayani da Hausa. Fis ya kasance kusa da kan batir mai alamar tarawa, inda jar waya take. A tambaye shi amfanin fis. Amsar ita ce: idan wuta ta yi yawa, fis ne zai ƙone ya yanke zagaye kafin waya ta yi zafi.

GWAJI NA 2: FAƊI KAFIN KA AUNA

Nan ne ake bambanta mai sani da mai kwaikwayo. Kafin ya taɓa mita, ya faɗi amfiya nawa ƙwai ɗaya zai ja. Lissafin shi ne 21 raba 12, watau amfiya 1.75. Sa'an nan ya haɗa, ya auna. Abin da mita za ta nuna zai yi kusa da haka.

A lura da yadda yake riƙe mitar. Bolt ana auna shi ta ɗora tsinken mita biyu a gefe da gefen abin da ake aunawa. Amfiya kuwa sai an buɗe zagaye an sa mitar a cikin hanya. Om ba a auna shi sai an cire batir. Wanda ya juya mita wajen amfiya ya ɗora ta a kan batir kai tsaye zai ƙona fis ɗin mitar, ko mitar kanta.

GWAJI NA 3: JERIN GWANO DA KAFAƊA DA KAFAƊA

Ya haɗa ƙwai biyu a jere, ɗaya bayan ɗaya, kamar jerin gwano. Ya faɗi abin da zai faru: za su raba bolt 12, kowane ya sami kamar 6, haske ya dushe. In aka cire ɗaya, ɗayan ma zai mutu.

Sa'an nan ya haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kowane da hanyarsa zuwa batir. Kowane zai sami bolt 12, haske ya cika, amfiya ta ninka ta kai wajen 3.5. In aka cire ɗaya, ɗayan zai ci gaba da ci. Haka ake haɗa fitilun majami'a.

A ƙara masa tambaya a kan batura biyu masu bolt 12, masu lamba 100 a jiki. A jerin gwano za su ba da bolt 24, lambar tana nan 100. Kafaɗa da kafaɗa za su ba da bolt 12, lambar ta zama 200. Wanda ya rikita waɗannan zai aika bolt 24 ga kayan da aka yi domin 12, ya ƙone su.

GWAJI NA 4: KAURIN WAYA

A ce masa: ƙaramin famfo yana jan amfiya 5, yana nesa da batir mita 20. Wace waya zai saya? Mai sani zai ce tafiyar mita 40 ce, zuwa da komowa. Wayar jan ƙarfe mai lamba 1.5 tana da ƙunci kamar om 0.012 a kowace mita, watau om 0.48 duka. Amfiya 5 sau 0.48 ya ba da bolt 2.4. Kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin batir ke nan ya salwanta a hanya, ya zama zafi. Da waya mai lamba 6, abin da zai ɓace kamar bolt 0.6 ne kawai. Siririyar waya ta fi sauƙin kuɗi a kasuwa, amma araha ba ta ado.

GWAJI NA 5: ƁOYAYYEN LAHANI

Yaron ya fita waje. Alƙali ya sa ƙonannen fis, ko ya sassauta wani mahaɗi, ko ya sa wayar da ta tsinke a cikin robarta. A kira shi ya nemo. Mai sani zai fara auna batir. Cikakken batir da ya huta yana nuna wajen bolt 12.6; in ya nuna 12.1, ya kusa rabi. Daga nan zai kunna makunni ya bi zagayen mataki mataki har inda bolt ya ɓace. Mai cacan baki kuwa zai dinga jijjiga waya, yana canja kaya ɗaya bayan ɗaya. A gonar ƙungiya, kowane irin canjin nan kuɗinmu ne.

ABIN DA YAKE RUSHE GWAJI NAN TAKE

Ko ya ci sauran duka, a tsayar da shi idan ya yi ɗaya cikin waɗannan:

(a) ya maye gurbin fis da guntun waya ko takardar taba mai ƙyalli;
(b) ya goga wayoyi biyu domin ya ga tartsatsi;
(c) ya ajiye sifana a bisa kawunan batir;
(d) ya kawo ashana ko taba kusa da batir, gama iskar da take fita lokacin caji tana kama wuta;
(e) ya taɓa haɗi bai cire batir ba.

YANKE HUKUNCI

Ba maki muke bayarwa ba. A kowane gwaji magatakarda ya rubuta "ya iya" ko "bai iya ba tukuna". Kalmar "tukuna" tana da muhimmanci. Yaron ɗanmu ne, ba kunyata shi muke nema ba. A gaya masa a keɓe inda ya gaza, ya koma wurin maigidansa, a sa masa rana ya sake. Wanda bai iya rubutu sosai ba a bar shi ya amsa da baki da hannu. 'Yan matanmu ma a ba su zarafin koyo da gwaji.

IYAKAR GWAJIN NAN

Wanda ya ci, za a iya ba shi kula da fitilun batir da ƙananan kaya masu bolt 12. Bai zama mai wayarin gida ba. Wutar KEDCO bolt 230 ce, tana kashewa. Faifan sola manya guda uku a jerin gwano ma suna iya wuce bolt 100 da rana tsaka. Irin wannan aiki na mai takarda ne. Akwai jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ana farawa daga aji na 3, a hau na 2, a ƙare a na 1. Akwai ta hukumar NABTEB da aka kafa a 1992. Hukumar NEMSA kuma tana ba masu haɗa wuta takardar shaidar ƙwarewa. Ƙungiyar da ta ga yaro mai ƙwazo, ta taimake shi da kuɗin jarrabawa. Ribar a gida za ta tsaya.

TAMBAYOYI DOMIN TARON WATA

1. Wane ne yake taɓa kayan lantarkin ƙungiyarmu yanzu? Wa ya gwada shi?
2. Akwai fis a kusa da batirinmu? Mutum biyu su je su duba, su kawo labari.
3. Wane gwani za mu gayyato, daga Rano, ko Rurum, ko Kibiya, ko Kano? Nawa za mu keɓe domin hawan motarsa?
4. Waɗanne samari da 'yan mata biyu za mu tura koyo kafin rani mai zuwa?

A rufe taro da addu'a domin masu aikin hannu na cikinmu, Allah ya ba su basira, ya kiyaye su daga haɗari.