Mai keken guragu da yawon Sallah a gidan zu

TAMBAYA: Ɗana yana tafiya ne a keken guragu, kuma duk Sallah sai ya ce a kai shi gidan zu kamar sauran yara. Shin doka ta ba shi wani haƙƙi a irin waɗannan wurare na gwamnati? Kuma gaskiya ne masu nakasa kyauta suke shiga? Daga wata uwa a Gwange, Maiduguri.

AMSA: Hajiya, Allah ya raya mana shi. Doka tana bayansa. A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu nakasa ta 2018. Ta wajabta a samar da hanyar shiga duk wurin da jama'a ke zuwa, wato hanya mai gangara a gefen matakala, da wurin ajiye mota na musamman, sannan a fara sallamar mai nakasa idan ana layi. An ba da wa'adin shekara 5 a gyara tsofaffin gine-gine, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. Wanda ya nuna wariya zai iya biyan tarar naira dubu 100 ko ya sha ɗaurin wata 6, kamfani ko hukuma kuma naira miliyan 1.

Batun shiga kyauta dai dokar ba ta wajabta shi ba. Idan an yafe muku kuɗin ƙofa, alfarma ce aka yi muku, sai ki tafi da kuɗinki.

Gidan zu na Sanda Kyarimi, wanda ya ci sunan Shehun Borno na da, mallakar gwamnatin jiha ne, an kafa shi a 1970, lokacin da ba wanda yake tuna mai keke idan ana zana gini. Kin kuma san abin da ambaliyar madatsar Alau ta yi masa a Satumbar 2024, har dabbobi da yawa suka mutu. A ganina nan damar take. Duk inda ake sabon aiki bayan ambaliya, lokacin magana ke nan, domin zuba gangara tun siminti yana ɗanye ya fi arha a kan fasawa daga baya. A garin da shan inna da shekarun rikici suka bar mutane da yawa a kan keke da sanda, wannan ba buƙatar gida ɗaya ba ce. Kuma ƙofar shiga ce mafi sauƙin gyara. Yashi mai riƙe taya, da kwata mara murfi, da ƙofar banɗaki da keke ba ya shiga, su suke mayar da yaro gida yana kuka.

Ki rubuta wa shugabannin wurin takarda, ki faɗi abin da ya tare ku, ki riƙe kwafi, domin dokar ta ba mai nakasa ikon kai irin wannan ƙorafi. Ki kai wani kwafin ga ƙungiyar masu nakasa ta JONAPWD reshen Borno, tunda doka ta tarayya ta fi tasiri idan 'yan jiha suka matsa. Ranar fita kuma ku sammaka kafin cunkoso, ku tafi da babban da zai iya tura keken.